Kifayen Maigida

Lahadi, 24 ga Maris 2019

Jiya anka yi addu'ar arba'in. Yau gida ya watse, saura ni da Yaya Balkisu, yayar Maigida, da za ta zauna da ni har in fita takaba.

Wannan kaye, littafin da nike rubutu ciki, nashi ne na awon tagogi. Rabi babu rubutu. Ban iya rubutu da kyau ba, aji biyar na tsaya, amma ba ni da wanda zan gaya ma maganar kifi bai yi mini kallon mahaukaciya ba.

Akwatin gilashin na nan cikin falo inda ya bar shi. Tsawon gado guda. Da hannunshi ya haɗa shi da ragowar gilashin atiliye, shagon aikinshi, duwatsun ciki kuma ɗaya-ɗaya ya kwaso su bisa moto, babur ɗinshi, wasu daga bakin gulbi, wasu daga hanyar Kandi. Kifayen daga Kotonu. Masu ruwan ɗorawa, shuɗɗa, da masu zane kamar atamfa. Ya ce duk dangin karfasa ne, ƙasarsu ce daban.

Ranar da munka tafi da shi likita a Kandi, inda ya cika, su ashirin da uku ne. Yau na ƙirga sau uku. Sha huɗu.

Kwanakin zaman makoki kuran, wutar lantarki, ya ɗauke, ba wanda ya tuna ya haɗa injin iska da batir. Ni ma ban tuna ba. Ni ce ya kamata in tuna.

Cikin mota, kanshi bisa cinyata, ya ce, "Rauda, ki ba su abinci kaɗan, ke hannunki nauyi gare shi." Har da dariya. Sai kuma ya ce, "Kada su ƙare a hannunki." Na ce to. To kawai na ce.

Laraba, 27 ga Maris

Sha uku. Wata mai ɗorawa, wutsiya a yage, ido guda babu.

Asabar, 30 ga Maris

Na zauna na gani da idona. Babban shuɗin nan ne da Maigida ke kira Komanda. Ya kama dogon dutsen tsakiya, duk wanda ya gifta sai ya bi shi har kusurwa. Da ba haka yake ba. Ko kuwa haka yake ban lura ba, don ni aikina goge gilashi ne daga waje.

Yaya Balkisu ta ce, "Ke da kika ƙi cin tuwo, kifi kike ma gadi?" Ta ajiye mini kwano a gaba ta tsaya kaina har na ci loma biyar.

Jumma'a, 5 ga Afrilu

Sha biyu.

Na buɗe salularshi. Na samu lambar mutumin Kotonu mai saida kifin. Da ya ji muryar mace sai ya tambayi Maigida, na gaya mashi rasuwar da halin da kifayen ke ciki. Faransancinshi da sauri, ni nawa na kasuwa ne. Na sa ya maimaita sau uku. Abin da na riƙe:

Irin waɗannan in sunka yi kaɗan sai su kashe juna. In suna da yawa, mugun ba ya samun guda da zai sa ma ido.
A ƙara da yawa lokaci guda, ba ɗaya-ɗaya ba.
Girmansu ya zo ɗaya da na ciki.
Danginsu kaɗai.

Na ce to ina zan same su? Ya ce ko daga wurinshi, ko a gwada ƙananan karfasa na gulbinmu, amma sai wanda ya san na cikin akwatin ya zaɓa da idonshi.

Wanda ya san su shina ƙasa. Saura ni, ni kuma ƙofar gida ba ta halatta mini ba sai watan Yuni.

Asabar, 6 ga Afrilu

Na ce ma Yaya ko da asuba ne, in rufe jikina, in leƙa bakin gulbi in dawo kafin rana ta fito.

Ta ajiye maburgi ta dube ni. "Mai takaba ta tafi zaɓen kifi. Ki sake faɗi in ji da kyau, don in san abin da zan gaya ma liman." Na ce lalura ce. Ta ce, "Lalura likita ce. Kifi a tukunya ake zaɓenshi."

Da ta ga hawaye ta sassauta. "Ƙanena ne shi ma, Rauda. Ni na goye shi. Kada ki sa a ce matarshi ba ta cika mashi kwana ba."

Gaskiya gare ta. Shi ya sa abin ya fi ciwo.

Talata, 9 ga Afrilu

Na aiki Ɗan'inna, ƙanena mai kabu-kabu, bakin gulbi. Na zaunar da shi gaban akwatin na ce duba girman, duba siffar, masu rai nike so.

Ya dawo da bokiti shina murmushi. Karfasa shida, kowace ta fi tafin hannuna, uku sun riga sun juya ciki sama. "Yaya, masu nama na zaɓo miki. Matar ta so ta haɗa ni da ƙanana, na ce ke, ni za ki cuta?"

Ban san lokacin da na yi dariya ba, daga nan ta koma kuka. Ya tsaya da kwalkwali a hannu bai san laifinshi ba.

Yaya ta yi miya da su.

Litinin, 15 ga Afrilu

Baba Issufu ya zo gaisuwa. Masunci ne, aminin Maigida tun kafin a auro ni. Lokacin rasuwar shina can ƙasan gulbi wurin su, sai shekaranjiya ya ji. Ya zauna a zaure, ni ina bayan labule. "Fonda tilas," ya ce, gaisuwar mutuwa da yarensu, sai hawaye. Tsoho da furfura.

Yaya ce ta ba shi labarin kifin, wai don ya yi dariya. Bai yi ba. Ya ce, "Ɗiyata, bar mini wannan."

Na yi barci da rana yau, karo na farko.

Laraba, 17 ga Afrilu

Ya kawo. Cikin ƙwarya, an rufe da ganye. Guda ɗaya, fari-fari kamar azurfa, tsawon ɗani, ido ja.

'Yar giwan ruwa.

Ya ce kwana biyu shina nemanta. "Gidan Halliru ba a kawo mashi karfasa, ɗiyata. Karfasa kifin kowa ne. Sarkin ruwa ya dace da shi." Ya nemi izini ya shiga falo, ni na koma ɗaki. Ina jin shi ya yi bisimilla, ya yi ma mamaci addu'a, ya sake ta da hannunshi.

Na tuna maganar mutumin Kotonu. Danginsu kaɗai. Ya za a yi tsoho ya kawo gaisuwar mutuwa ka ce mashi ba irinta ba?

Na rubuta sunan a sama yadda Baba ya faɗe shi. Halliru. Shekara sha tara ban taɓa kiranshi ba. A takarda ma sai na ji kunya.

Alhamis, 18 ga Afrilu

Goma. Ƙananan masu ɗorawa biyu babu su, babu gawa. Cikin baƙuwar ya yi tulu.

Jumma'a, 19 ga Afrilu

Tara.

Na ɗauko 'yar komar Maigida in fitar da baƙuwar. Yaya ta riƙe mini hannu. "Abin gaisuwa ba a maida shi. Kina so tsohon nan ya daina taka gidan ga?" Na ce, Yaya, sakar mini hannu. Ban taɓa yi mata magana haka ba. Ta sake.

Rabin awa ina bin ta. Na jiƙe har wuya. Ina ta kaffa-kaffa kada in ture dutse ko ɗaya. Ta shiga tsohuwar randa bayan madafa.

Ni na kashe ukun nan. Da na buɗe baki ranar Laraba.

Alhamis, 25 ga Afrilu

Baba Issufu ya dawo tambayar baƙuwarshi. Yaya tana ta yi mini ido. Na gaya mashi gaskiya daga bayan labule.

Sai ya ce, "Shekara hamsin ina bisa ruwa. Na san giwa na cin ƙanana. Wallahi na ɗauka cikin gidan mutane za ta ji kunya."

Yaya ta fashe da dariya har da tari. Shi ma. Ni ban iya ba.

Ya nemi ya ga sauran. Ya daɗe tsugune gaban gilashi. Da ya fito ya ce, "Shuɗin nan ba mugu ba ne, mai gida ne. Haka karfasa take a gulbi, ta share wuri ta tsare, ko ɗan yatsa ka sa sai ta cije. Amma in ruwa ya cika ya birkice ƙasa, kowa baƙo ne, ba mai faɗa da wani. Ki kwashe duwatsun duka ki sauya masu zama ranar da za ki zuba sababbi."

Na ce a'a.

Ya ce, "Dutse ne fa."

Na ce a'a, Baba.

Rigunanshi an raba. Moto na wurin ƙanenshi. Atiliye an rufe. Abu guda cikin gidan ga da ke zaune daidai yadda hannunshi ya ajiye shi, duwatsun nan ne. Na san ranar da ya sa dogon, da hannun riga naɗe, shina tambayata ko ya karkace.

Ya tafi da giwarshi cikin ƙwarya.

Litinin, 6 ga Mayu

An ɗauki azumi. Zafi kamar a gasa mutum. Ina jiƙa zane in rufa ma akwatin in kuran ya tafi. Batir na haɗa shi da kaina yanzu, ja da ja, baƙi da baƙi.

Takwas.

Asabar, 11 ga Mayu

Mutumin Kotonu ya kira ni da bidiyo ya bi da ni cikin shagonshi. Kifi ko'ina, hoto na tsinkewa. Ina cewa wancan, shina cewa wanne? A salula duk girmansu ɗaya. Na zaɓi shida masu kama da waɗanda sunka mutu. Kama kawai nike nema, kamar in na cika launin zai zama ba a yi komi ba.

Shi ma ya ce a motsa duwatsu. Na yi kamar ban gane faransancin ba.

Talata, 14 ga Mayu

Ɗan'inna ya amso su a tasha. Kwana da wuni cikin mota, cikin leda, cikin kwali. Huɗu da rai. Sun fi yadda na zata ƙanƙanta, ko rabin Komanda ba su kai ba.

Na zuba su. Na yi addu'ar da na sani.

Asabar, 18 ga Mayu

Babu ko ɗaya cikin sababbin. Ta ƙarshe ta ɓoye bayan bututun iska kwana biyu, a tsaye, kai sama, ba ta ci. Yau da safe na tsamo ta.

Kuma tun da Komanda ya ɗanɗana, ya koma kan tsofaffin. Bakwai.

Ya Allah ban san abin da nike yi ba. Ban sani ba. Ya bar ma wadda ba ta iya ba.

Laraba, 22 ga Mayu

Na fitar da Komanda na sa shi a babban baho. Kafin la'asar shuɗin ya koɗe ya zama toka-toka, ya kwanta gefe guda. Wannan shi ne wanda ke cin abinci daga yatsan Maigida. Na maida shi.

Cikin awa guda launi ya dawo, ya hau bin na kusa.

Yaya ta ce, "Sak mijin Mariama maƙwabciya. A waje tausayi, a gida bala'i."

Talata, 4 ga Yuni

Salla. Ban yi kwalliya ba, ba a yi. Shida.

Laraba, 12 ga Yuni

Biyar. Komanda, masu ɗorawa biyu, mai zane guda, da wani ƙaramin shuɗi da ba ya fitowa sai in na kashe fitila.

Na yi lissafi. In haka ta ci gaba, kafin babbar salla Komanda kaɗai zai rage cikin duwatsu masu kyau.

Na tsaya gaban akwatin na ce ma Maigida, ka ce kada su ƙare, ba ka ce mini kada in taɓa dutse ba. Amma ba ka ce in taɓa ba. Yaya ta ji ni daga tsakar gida. Ta daina daka.

Alhamis, 20 ga Yuni

Na fita takaba. An yi wanka, an yi sadaka, mata sun zo. An ba ni sabon zane. Kowa na cewa Allah shi sa ya huta. Amin.

Huɗu. Mai zanen ta tafi yau da safe, tun kafin baƙi su iso. Na rufe ta gindin lemo ban gaya ma kowa ba.

Asabar, 22 ga Yuni

Na tafi gulbi.

Kafin in fita na kara tsinken tsintsiya a gilashi lokacin da Komanda ya tsaya, na karya daidai tsawonshi. Na soke shi cikin ɗankwali.

Ƙafafuna sun manta hanya. Hasken waje ya yi mini yawa, ƙarar manyan motoci masu jiran gada kamar cikin kaina. Ɗan'inna da ya ɗauko ni bisa moto ya yi ta tafiya a hankali har wani ya zage shi.

Baba Issufu ya ajiye mini abin da gurarshi ta kama, tarkon nan na saƙa, cikin jirgi da ruwa rabi. Ƙananan da ake zubarwa ko a ba agwagi. Matan da ke sayen kifi sunka kewaye ni. Ɗaya ta ce, "Hajiya, da tsinke ake awon miya yanzu?" Wata ta ce, "Ku bar ta, likitar kifi ce, allura za ta yi masu." Baba ya ce, "Matar Halliru mai gilashi ce." Wadda ta fara tsokanar ta tsuguna ta riƙe mini ƙwarya.

Na ɗauki kowane na kara da tsinke. Wanda ya gaza, ruwa. Wanda ya wuce, ruwa. Mai tabo a jiki, mai farin ido, mai numfashi da sauri, ruwa. Baba na duba baki, in ya ga mai faɗin baki ya ce, "Wannan ɗan'uwan baƙuwarmu ne," ya jefar.

Ƙananan karfasa bakwai masu duhun zane. Sai wasu guda uku jajaye, da ɗigo-ɗigo masu ƙyalli a kumatu kamar an watsa masu duwatsun ɗan kunne. Ban taɓa sanin gulbinmu na da irinsu ba. Baba ya ce su ma dangi ne, kuma ba su da tsoro. Maigida bai taɓa ajiye ja ba, ya ce launin na da hayaniya.

Na riƙe ƙwaryar na daɗe. Na taho da su.

Suna cikin baho da injin iska na biyu. Mutumin Kotonu ya ce kwana bakwai a ware, a ga ko da ciwo.

Jumma'a, 28 ga Yuni

Karfasa guda ta mutu a baho. Tara lafiya lau, suna ci kamar 'yan gudun hijira.

Ƙaramin shuɗin na ciki an fasa mashi leɓe. Ba zai kai wani sati ba.

Gobe.

Asabar, 29 ga Yuni

Na ce ma Ɗan'inna ya ɗauki hoton akwatin da salula kafin in fara. Ya ɗauka, rabin hoton fuskarshi ce a gilashi.

Na naɗe hannun riga. Na fara da ƙananan gefe. Yaya na amsa tana jerawa bisa tabarma. Ruwa ya dagule, ban ganin komi sai laka. Dogon na ƙarshe. Ya fi yadda na zata nauyi, ƙasanshi santsi. Da ya taso sai na tsaya da shi a hannu ruwa na zuba bisa ƙafata. Yaya ta ce a hankali, "Kawo, ƙanwata." Ba ta taɓa kirana haka ba.

Ashirin da shida ne. Ban taɓa ƙirga su ba.

Na maida su yadda ya zo mini. Tsibi uku, da ramuka da yawa, yadda mai gudu zai samu inda zai shiga, kuma na wannan gefe ba ya hango na wancan. Dogon na kwantar da shi. Sannan na zuba taran gaba ɗaya na rufe akwatin da zane.

Na shiga ɗaki na yi kukan da ban yi ba tun Kandi.

Litinin, 1 ga Yuli

Sha uku. Sha uku jiya, sha uku yau.

Komanda na yawo kamar wanda ya sauka a tashar da bai sani ba. Ya bi wannan taku biyu, wani ya gifta, ya bar shi ya bi wancan. Ya je ma wata ja, ta juyo ta buɗe kumatu ta tsaya. Shi ya kauce.

Jumma'a, 12 ga Yuli

Na ga ban buɗe kayen ga ba kwana goma sha ɗaya.

Sha uku. Na Maigida huɗu suna nan, leɓen ƙaramin ya warke. Huɗu cikin ashirin da uku. Ban san ko wannan ya cika alkawari ba. Ba su ƙare ba dai.

Yaya ta koma Madekali shekaranjiya. Da za ta hau moto ta ce in kula mata da "mai jan kumatun nan mai rashin kunya."

Jajayen biyu sun share wuri ƙarƙashin tsibin hagu, suna ta kwasar yashi da baki. Dutse guda na tare mini ganinsu daga inda nike zama da kofin shayi. Na sa hannu na matsar da shi. Sai da na goge hannuna na lura ban nemi izinin kowa ba.

Ba wani abu ba ne. Don in riƙa ganinsu ne kawai.